Dutse da Mai Sassaƙarsa



In an ce sassaƙa, mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama turmi da akushi ke zo mana a rai, watau aikin itace. Amma akwai masu sassaƙar dutse, su ne abin zancenmu yau, domin dutse ba ya karɓar umurni kamar icce. Shi ke faɗa wa mai aiki iyakar abin da zai yiwu.

A Esie ta Jihar Kwara akwai siffofin mutane fiye da 800 da aka sassaƙa daga wani dutse mai laushi mai santsin sabulu, wanda wuƙa ma tana cinsa. Saboda laushin nan ne masu aikin suka iya fitar da kitso da tsakiya da tsagen fuska dalla-dalla. Nan aka buɗe gidan kayan tarihi na farko a Nijeriya a 1945. To, mu dubi na ƙasar Ikom ta Jihar Kuros Riba, kimanin 300, yawancinsu na baƙin dutse mai tsananin tauri. Can mai sassaƙa bai yi gardama da dutsen ba: ya nemo wanda ya riga ya yi kama da tsayuwar mutum, ya bar shi da siffarsa, ya zana ido da gemu da cibiya a fuskarsa kurum. A ganinmu wannan ya fi nuna gwaninta, ko da yake na Esie sun fi ɗaukar ido.

Mu a nan ba mu sassaƙa siffar mutum, addini bai yarda ba, kuma ƙasarmu ta yashi ce da yumɓu da marmara. Duk da haka kakanninmu sun san halin dutse. Ganuwar Surame, wadda Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, da duwatsu aka ɗora ta. Sai kuma dutsen niƙa, wanda muka raina don yana gindin rumbu. Mai yin sa sai ya zaɓi wanda ba zai zubar da tsakuwa cikin gari ba, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙararsa don ya gane ko da tsaga a ciki, sa'an nan ya sassare fuskarsa ta yi kaushi. In ta yi sulɓi da niƙa, a sāke sara.

Injin niƙa ya kawar da wannan sana'a a garuruwa da yawa, ba kuwa za mu ce mata su koma durƙuso ba. Abin da ke damunmu shi ne masu sanin suna ƙarewa ba a rubuta kome ba. An sace wasu duwatsun Ikom, sun ɓulla a Turai da Amurka, alhali dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da kayan tarihi ta hana fitar da irinsu ba izini. Namu ba ɓarawo ke ɗauka ba, cikin harsashin gini muke jefa su. Wanda zai je gida hutu, ya nemi tsohon da ya taɓa sarar dutse, ya tambaye shi inda ake haƙo shi da sunayen ƙarafan aikin, ya rubuta.