Barin Jami'a da Makomar Kuɗin Gwamnati



Maganar da zan yi yau ta shafi abin da ba mu son faɗa a fili, ko da yake kowa ya san yana faruwa. Kowace shekara akwai waɗanda suka shigo Jami'ar Ahmadu Bello da murna, amma ba su kai ga ranar yaye ba. Wani rashin lafiya ya kayar da shi, wani mahaifinsa ya rasu nauyin gida ya dawo kansa, wani jarrabawa ta ƙi shi, wani kuwa ya ga ciniki a kasuwar Sabon Gari ya fi masa zaman aji a Samaru. Ban zo don zargin kowa ba. Tambayata ita ce, in ɗalibi ya tafi, ina makomar kuɗin da gwamnati ta kashe a kansa?

Da farko mu rarrabe kuɗin nan, domin iri uku ne. Akwai sukolashif da alawus na gwamnatocin jihohi, waɗanda sharaɗinsu shi ne mutum ya ci gaba da zama ɗalibi. Ran da sunansa ya fita daga rajista, haƙƙinsa ya yanke. Akwai na ma'aikacin gwamnati da aka ba hutun ƙaro ilmi da albashinsa, bayan ya sa hannu cewa zai gama ya koma ya yi aiki na wasu shekaru. In ya watsar da karatun ya karya alkawari, kuma ana iya neman ya mayar da abin da aka kashe. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski. Na uku shi ne rance, kuma a kansa zan fi tsayawa.

A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, wadda ta maye gurbin ta 2023, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema. Rancen ba shi da ruwa, kuma ba a neman mai tsaya wa mutum. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biyan jami'a, kuɗin ɗawainiya kuwa, wanda aka fara da Naira 20,000 a wata, asusun ɗalibi yake shiga. Biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

To, ku dubi wanda ya bari a tsakiyar zango. Kuɗin rajistarsa sun riga sun shiga hannun jami'a, na ɗawainiya ya riga ya ci. Ba zai sami na shekara mai zuwa ba, tun da jami'a ce ke tabbatar da wanda yake ɗalibinta. Amma abin da ya karɓa yana nan rubuce da sunansa, da lambar katin ɗan ƙasarsa, da lambar bankinsa. Yafewar da dokar ta tanada ta mutuwa ce, ko wata ƙaddara da ta hana mutum biya. Saboda haka mai bari yana fita da bashin mai digiri, ba tare da digirin da zai biya shi da shi ba. A Amurka ma, wanda ya bari kafin ya cika kashi 60 cikin 100 na zango, ana lissafa kwanakinsa a mayar wa gwamnati ragowar taimakon. Ba inda ake ɗaukar kuɗin jama'a kamar tsintuwa.

Akwai kuma abin da ya wuce kanmu. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Mutane da yawa suka karɓa, biya ya yi wuya, hukumar ta durƙushe. Bankin ilmi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai kai ko'ina ba. Waɗanda suka biyo baya su suka ɗanɗana kuɗarsu, shekara da shekaru ba inda ɗan talaka zai ranta. Kada kuma mu manta cewa a 1978, a nan Samaru, ɗalibai sun rasa rayukansu kan ƙarin kuɗin abinci da wurin kwana. Abin da aka sha wuya haka a kansa bai kamata mu yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Shawarata ita ce, kada kowa ya tafi ba sallama. In matsala ta taso, fara da malamin da ke kula da ajinku. Nemi izinin jingine karatu a rubuce, ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, har Majalisar Jami'a ta amince. Mai wannan izini gurbinsa yana jiransa, wanda ya ɓace kuwa ana iya ɗaukarsa ya janye da kansa. In barin ya zama dole, rubuta wa jami'a, ka sanar da wanda ke biya maka, ka daina taɓa kuɗin da suka shigo bayan ka tafi, ka adana kowace takarda da rasit. Ma'aikaci kuma ya sanar da ma'aikatarsa kafin ta ji a bakin wani.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ci a gudu, a rufe wa ƙanne ƙofa. Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta riƙa bayyana wa sababbin shiga waɗannan sharuɗɗa tun makon farko, kafin su sa hannu a kan kome.

Allah Ya sa mu gama lafiya.