Jinyar Tsoho a Gida: Ina Kuɗin Gwamnati Ya Tsaya?



A Unguwar Shanu da wuya a ratsa layi ɗaya ba a samu gidan da ake jinyar dattijo ko dattijuwa ba: wani shanyewar ɓarin jiki, wata ciwon suga, wani kuma tsufa ne kawai ya kwantar da shi. Ba mu saba kai iyaye gidan tsofaffi ba, ba ma kuma fatan sabawa. Saboda haka wajibi ne mu san abin da gwamnati ta tanada, da inda tanadin ya tsaya. Ƙofofi uku ne.

Ta farko fansho. Dokar tarayya ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma aƙalla kashi 10. Jihar Kaduna ta shiga tsarin adashin gata a 2017, bisa dokarta. Wannan kuɗi gumin ma'aikaci ne, ba tallafi ba. Uban da ya ƙare rayuwarsa a gona ko a kasuwa, galibi ba shi da ko sisi a nan.

Ta biyu inshorar lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Dokar inshora ta 2022 kuma ta kafa asusun masu rauni, tsofaffi na cikinsu. A jiharmu hukumar KADCHMA ke yin rajista. Sai dai wannan kuɗi a asibiti yake aiki: ganin likita, gwaji da magani. Ba ya biyan wadda ke yi wa tsohuwa wanka, ta juya ta kada gadon bayanta ya yi gyambo, ta ba ta kunu a baki.

Ta uku ita ce Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, ta fara aiki a 2021. Tana tsara manufofi da ƙa'idojin horar da masu kula da tsofaffi, amma ba ta biyan iyali ladan jinya.

Ashe ke nan jinyar gida, wadda ta fi kowace cin lokaci da ƙarfi, ita ce ba ta da kaso. Nauyin yana kan 'ya'ya mata da surukai, cikinsu har da malamai 'yan'uwanmu da ke kwana ba barci, su wayi gari gaban allo. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malami 65. Inda aka bi ta, malama mai shekara 60 za ta riƙe aji, ga gyatumarta kwance a ɗaki.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan giɓi. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, tana kuma ba tsohon da danginsa ke kula da shi a gida kuɗi a hannu. Japan ta fara tata a 2000, inda duk wanda ya kai shekara 40 ke zuba nasa kason. A gida ma, Jihar Ekiti ta fara biyan tsofaffi marasa galihu Naira 5,000 duk wata a 2011.

Ga abin da muke roƙon reshe ya yi. Mu tattara sunayen malamanmu da suka yi ritaya, mu raka marasa rajista zuwa asibitin mazaɓa su nemi shiga inshora. Kowane malami ya karɓi bayanin asusun fanshonsa, ya tabbatar abin da aka cire ya shiga. Sannan mu miƙa wa uwar ƙungiya buƙatu biyu ta kai Majalisar Dokokin Jiha: kaso a kasafin kuɗi domin ma'aikatan lafiya su riƙa duba tsofaffi a gidajensu, da hutun jinya mai albashi ga malamin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke kwance.

Tsarin da muka nema wa iyayenmu yau, shi za mu tarar in Allah ya ba mu tsawon rai.