Tarihin Wa Za Mu Ba 'Ya'yanmu Su Karanta?



Sau da yawa yaronmu da ke firamare ko ƙaramar sakandare shi kaɗai ne Kirista a ajinsu. In duk tarihin mutanen da muke ba shi na Turawa ne, zai ɗauka shi baƙo ne a ƙasar iyayensa. Saboda haka mu fara da na gida.

Mu ba shi labarin Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro a 1821, ya zama bishop a 1864. Mu ba shi na Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1966 zuwa 1975.

'Yan firamare, a nema musu gajeren littafi mai hotuna. Na sakandare kuwa, wanda bai ɓoye kasawar mutumin ba. Ai Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dauda ba. Yaron da aka nuna wa gwarzo marar aibi, ran da ya yi tuntuɓe sai ya fid da rai.

Kafin mu miƙa littafi, mu karanta shi tukuna. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.