Mudun Arzikin Ƙasa: Yadda Ake Turawa da Auna Ɗanyen Mai

 Muna godiya ga Allah da ya sake haɗa fuskokinmu a wannan taro na shekara-shekara.

Wani zai ce, me ya haɗa tsohon malamin makaranta da batun mai? Amsa ita ce, kason da ƙaramar hukumarmu ke karɓa duk wata daga asusun tarayya, wanda da shi ake biyan malamai da ma'aikatan asibiti, ɗanyen mai na cikin manyan abubuwan da ke samar da shi. Abin da mutum ke ci daga gare shi kuwa, ya kamata ya san mudun da ake auna shi.

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Abin da ke fitowa daga rijiya ba mai ne zalla ba. Gauraye yake da ruwa da iskar gas da yashi. Saboda haka sai an kai shi tashar rarrabewa, a cire gas, ruwa ya kwanta ƙasa, sannan a tara man a manyan tankuna.

Daga nan sai aikin turawa. Mai ba ya hawa tudu da kansa, kuma gogayyarsa da cikin bututu tana rage masa ƙarfi. Don haka ake girke manyan famfuna a mafarin layi, da wasu tashoshi a kan hanya masu ƙara masa matsi. Haka aka tsara bututun da ya taso daga Escravos zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ko da yake ta shafe shekaru ba ta aiki. Maƙwabtanmu na Nijar sun shimfiɗa nasu daga Agadem zuwa matatar Damagaram a 2011, sannan a 2024 suka fara fitar da mai ta wani bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin.

To, sai mu zo ga zuciyar magana, wato awo. Mudun mai ita ce ganga, mai cin kimanin lita 159. Duk inda mai zai bar hannun wani ya shiga hannun wani, akwai mita da ke ƙirga abin da ya wuce. Amma ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba. Mai yakan kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi, don haka ake mayar da lissafi kan ma'aunin zafi guda da aka amince da shi. Ana kuma ɗibar samfuri a gano yawan ruwa da laka da ke ciki, a ɗebe daga jimla, domin kada a sayar da ruwa da kuɗin mai. Ita kanta mitar akan jarraba ta lokaci-lokaci, ta hanyar bi da mai ta wani bututun gwaji da aka san cikinsa daidai. A ƙarshe a gwada abin da ya shiga da abin da ya fita. In an ga giɓi, ko matsi ya faɗi haka kawai, to ruwa ba ya tsami banza: ko bututu ya tsage, ko an fasa shi.

Bari mu yi ɗan lissafin aji shida. A ce layi na ɗaukar ganga 100,000 a kullum, mita kuma ta yi kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari. Ganga 1,000 ke nan a rana, 365,000 a shekara, ba tare da kowa ya ga ɓarawo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Addininmu ya yi hani mai tsanani ga tauye mudu, kuma ba mudun hatsi kaɗai ake nufi ba.

Fasa bututu kuwa ba sata ce kawai ba, kisan kai ne. Gobarar Jesse a Jihar Delta a 1998 ta ci rayuka fiye da dubu, yawancinsu talakawa ne da suka je ɗibar fetur da ya malala.

'Yan'uwa, batun ya matso kusa da gida, tunda an sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019. Shawararmu biyu ce. Ta farko, asusun tallafin karatu na ƙungiya ya ware gurbi ga yaranmu masu hazaƙa a lissafi da kimiyya, su nemi shiga makarantu irin Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mai da ke Effurun, kada mu ƙare a gadin ƙofa. Ta biyu, mu fara da kanmu: duk kuɗin da ya shiga asusun ƙungiya, da duk wanda ya fita, a rubuta, a karanta a gaban kowa. Wanda bai gyara mudun gidansa ba, ba shi da bakin tuhumar na gwamnati.

Allah ya albarkaci garinmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.