Jawabi Ga Masu Lambu: Ba Kowane Ƙwaro Ne Abokin Gaba Ba



Duk mai lemun tsami ko na zaƙi ya san darɓa. Ganye ya naɗe, ya yi danƙo, sannan ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Da mun ga haka sai mu ɗauko feshi. To jama'a, feshin nan ba ya tantance ɓarawo da mai gadi.

Akwai ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi. Shi da tsutsarsa darɓa ce abincinsu, suna cin gommai a yini. A ƙasar Amurka, wajen Kalifoniya, wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya kusa kashe gonakin lemo. A 1888 aka kawo wani irin wannan jan ƙwaro daga Ostireliya, cikin shekara biyu ya gama da annobar. Da aka shiga fesa DDT bayan 1945, sai masu gadin suka mutu, annoba ta dawo. Kun ji inda gizo ke saƙa.

Nan Afirka ta Yamma ma an gani. Wajen 1982 wani farin ƙwaro ya auka wa mangwaro da lemo a Togo da Gana, ya yaɗu har Nijeriya. A 1987 aka fara sakin wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da aka kawo daga Indiya, mai yin ƙwai a jikin mai ɓarnar. Cibiyar IITA ta yaɗa shi, ɓarna ta ragu ƙwarai.

Saboda haka ga shawarata. Kafin ka yi feshi, juya ganye ka duba. In ka ga jan ƙwaron nan ko tsutsarsa, ka ba su mako guda. Ka hana tururuwa hawa itacen, domin ita ke kiwon darɓa saboda zaƙin da take lasa, tana korar masu cin ta. In ya zama dole, a yi amfani da ruwan sabulu ko na 'ya'yan darbejiya, da yamma, kan reshen da ya kamu kawai. Abin da ya shige maka duhu, ka tsinko ganyen ka kai wa malamin gona.

Kuɗin magani ya yi tsada, masu gadin nan kuwa ba sa karɓar ko kwabo. Allah ya sa albarka a lambunanmu.