Yadda Ake Ɗaukar Saƙon Murya a Gyara Shi Kafin a Aika

Wannan jawabi ne da malamin aikin na'ura ya gabatar wa ɗaliban ajin manya, maza da mata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Manya a cikinku za su tuna zamanin kaset. Mutum ya tafi ci-rani Ikko ko Kumasi, ko ya daɗe a Makka. Sai ya sayi kaset, ya zauna gaban rikoda, ya gai da kowa da sunansa. Ya ba direba ko alhaji mai dawowa ya kawo gida. A taru a tsakar gida a saurara, wasu har da hawaye. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da wannan kaset a 1963. Mai lamba 60 yana cin minti talatin a kowane gefe. In ka yi kuskure, sai ka mayar da shi baya ka sake magana a kai.

Yanzu wayar hannu ta karɓi wannan aiki. Tun 2013 WhatsApp ya sa hanyar aika murya, kuma kusan duk wanda ke nan ya taɓa aikawa ko an aiko masa. Sauƙin ya yi yawa, har mun daina shiri kafin mu buɗe baki. Bari in ba ku labarin abin da ya sa na zaɓi wannan magana.

Bara, gab da faɗuwar damina, sakataren wata ƙungiyar manoma da nake taimaka wa ya aika saƙo a kan rabon taki. Saƙon minti bakwai ne. Gaisuwa kaɗai ta ci minti biyu. A minti na uku ya ce a zo ranar Laraba. Can kusa da ƙarshe sai ya tuna, ya ce, "Af, Alhamis nake nufi." Mutane da yawa ba su saurara har ƙarshe ba. Ranar Laraba suka biya kuɗin acaɓa, suka tarar da sito a kulle. Wasu ba su da kuɗin dawowa washegari, kasonsu ya wuce su. Ni ma ina da laifi, domin na ji saƙon tun daren, na ce ai kowa zai gane. Da an yanke kalmar nan guda ɗaya, da ba a yi asarar ba.

To, gyaran murya ba daga na'ura yake farawa ba. Daga takarda yake farawa, kuma a nan ne ku kuka fi wanda bai shigo aji ba. Ɗauki littafinka da fensir. Rubuta abin da kake so a yi, da rana, da wuri, da lokaci, da kuɗin da za a zo da shi. Ka sa waɗannan a farko, bayan sallama. Gaisuwa tana da kyau, al'adarmu ce, amma a saƙon jama'a sallama da "ina fata kuna lafiya" sun wadatar. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi sau biyu. Inda harshenka ya sarƙe, canza kalmar. Kusan rabin shafin littafin makaranta ya isa saƙon minti ɗaya. A ƙarshe ka maimaita ranar da wurin, don wanda hankalinsa ya tafi wani wuri.

Sai wurin ɗauka. Kunnenka ya saba da ƙarar injin niƙa, har ba ka jin ta. Makirufo bai saba ba, duk abin da ya shigo yana kwashewa. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko azara ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, domin bangon siminti yana maido da murya, sai a ji kamar kana magana cikin randa. In ɗakin siminti kake da shi, zauna kusa da katifa ko labule ko tarin tufafi, suna shanye amsa-kuwwa. Kashe fanka. Bayan sallar asuba ko bayan isha'i sun fi, lokacin da injin niƙa da janareta suka huta. In da waya za ka ɗauka ka gyara daga baya, danna hoton jirgin sama tukuna, don kada kira ya katse ka.

Riƙe wayar taƙi ɗaya daga bakinka, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware su. Ka ɗan karkata ta gefe, don iskar "fa" da "ba" kada ta riƙa bugun makirufo. Kada ka ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa. Ku riƙe wannan da kyau: muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta fashe don ƙarfi ba ta gyaruwa yadda take. Kamar tuwo ne in ya yi ƙauri.

Yanzu ga abin gyaran. Manhaja ita ce tsarin aikin da ake sa wa kwamfuta ko waya. Wadda nake amfani da ita sunanta Audacity. Mutum biyu ne suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Kyauta ce. Wanda ya ce ka biya kuɗin manhajar kanta, ka yi hattara da shi; kuɗin aikinsa da na wuta daban ne. A kwamfuta take aiki. Ta waya akwai irinta, kamar Lexis Audio Editor, kuma aikinsu kusan ɗaya ne.

In ka buɗe ta za ka ga jan maɓalli mai da'ira. Shi ne na ɗauka, kamar dai na tsohuwar rikoda. Mai kusurwa huɗu shi ne na tsayawa. Kana magana, wani zane yana fitowa a allon, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Wannan zane muryarka ce. Inda ka yi magana ya kumbura, inda ka yi shiru ya zama siriri kamar zare. Ranar da na fara nuna wa wata gwaggo wannan, sai ta ce, "Ashe murya ma tana da rubutu." Gaskiya ta faɗa. Ana bin sa daga hagu zuwa dama, kamar karatun boko, kuma ana goge kuskure a cikinsa kamar yadda kuke gogewa a littafi.

In ka yi tuntuɓen harshe, kada ka tsaya ka faro daga farko. Yi shiru kaɗan, ka sake faɗin jimlar gaba ɗaya. Da ka gama, nemi wurin kuskuren a zanen, ka ja linzamin kwamfuta a kansa har ya canza launi, ka saurara don ka tabbata shi ne, sannan ka goge. Ka yanka a wurin shiru, ba a tsakiyar kalma ba. In ka goge abin da bai kamata ba, kada ka tsorata. Danna maɓallin Ctrl tare da harafin Z, abin zai dawo. Kaset bai taɓa yi mana wannan alfarma ba.

Sabon hannu yakan yi zarin yanka. Ya cire kowane numfashi, har saƙon ya koma kamar na mai tallar magani a lasifika. Bar wa mai sauraro wurin numfashi, musamman bayan ka faɗi rana ko kuɗi.

Akwai kuma wurin rage hayaniya. Kafin ka fara magana, bar na'urar ta ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa biyar. Daga baya sai ka zaɓi wannan wuri, ka nuna wa manhajar cewa ga hayaniyar, ita kuma ta bi saƙon duka tana rage irinta. Yana aiki a kan ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta fanka ko janareta mai nisa. Carar zakara, kukan jaki da kukan jariri kuwa ba ya iya musu. Kuma in ka matsa masa da yawa, muryarka za ta koma kamar daga cikin rijiya.

Ajiya tana da tarko guda. In ka ajiye aikin kawai, Audacity ce kaɗai za ta iya buɗe shi, wayar maƙwabcinka ba za ta iya ba. Sai ka fitar da shi a matsayin MP3. Minti ɗaya na MP3 yana cin kusan megabait ɗaya, ko ma rabi in ka rage nauyinsa, kuma murya ba ta lalacewa da hakan. Irin da ake kira WAV yana iya cin kusan goma a minti ɗaya. Ka tausaya wa datar mutane. Ka sa masa suna da kwanan wata, misali "rabon taki 12 Yuni", don ka same shi in ana nema.

Wanda ba shi da kwamfuta kusa, WhatsApp kansa yana da ɗan taimako. In ka danna hoton makirufo ka ja shi sama, zai ci gaba da ɗauka ba sai ka riƙe ba. Kana iya dakatawa, kuma tun ƙarshen 2021 kana iya sauraron saƙonka kafin ka aika. Ba ya yanke tsakiya, amma kana iya zubar da shi ka sake. Kada ka aika abin da kai kanka ba ka saurara ba, balle in ranka a ɓace yake.

Ranka ya daɗe, saura magana mai nauyi. Wuƙar da ke fere doya ita ce ke yanka hannu. Mutum ya ce, "Ba zan biya ba." A cire "ba" ta farko da ta ƙarshe, me ya rage? "Zan biya." Muryarsa ce, amma ba maganarsa ba ce. Wannan aikin minti ɗaya ne ga wanda ya iya. Yanzu ma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, su faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Saboda haka in saƙo ya zo da muryar ɗanka yana neman kuɗi da gaggawa, kira shi a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. In an kawo maka muryar wani yana zagin ka, ko yana zancen gona ko aure, nemi cikakken saƙon, ka ji daga bakinsa kafin ka ɗauki mataki.

Kai mai gyara kuma, tari da kuskure da dogon shiru za ka cire. Ma'ana ba taka ba ce. In muryar wani ka gyara, kunna masa ya ji kafin ta fita. Kada ka ɗauki muryar kowa bai sani ba, ko da matarka ce ko ɗanka. Kuma ka ajiye na asali wanda ba a taɓa ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura in an cika sharuɗɗa, kuma in gardama ta tashi, na asalin ne zai fid da kai. A maganar bashi da cinikin gona dai, ni shawarata a rubuta a takarda, shaidu su sa hannu, murya ta zama ƙari.

Mako mai zuwa zan zo da kwamfuta. Kowa ya zo da saƙonsa a rubuce, kada ya wuce rabin shafi. Mata za su fara, don su samu komawa gida kafin magariba. Wanda ba shi da waya ya zo haka nan, za mu yi da tawa.