Ladan Mai Rage Wa Magidanci Nauyi: Yaushe Ya Halatta a Biya Shi?

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Ƙonni, Malbaza da Illela



Maganar yau ta shafi wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma biyan patanti, amma da wuya a sami magidancin da bai taɓa gamuwa da mai yin ta ba. Shi ne mutumin da ke zuwa ƙofar gida ko bakin shago ya ce, in an ba shi kaza, zai sa kuɗin wuta ya ragu, ko ya gyara takardar ruwa, ko ya samo buhun hatsi mai rahusa. Wasu na kiransa dillali, wasu ɗan kamasho. Abin da ya kamata a tantance shi ne yaushe wannan mutum ya ci guminsa, yaushe kuma ya ci haƙƙin mutane.

Sana'ar ba ta sami kasuwa haka kawai ba. Dattawan da ke nan ba su manta da ranar 12 ga Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Kayan da ake shigowa da su suka yi tsalle, alhali kuwa ma'aikata na bin gwamnati bashin albashin watanni. A shekarar 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi da ruwa da wuta, gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nuhu Arzika ke cikin jagororinta, ta sa aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa har gwamnati ta janye mafi yawan matakin. Mutanen iyaka kuwa sun sha nasu daban. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A Mayun 2023 ta cire tallafin man fetur, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titin Ƙonni ya daina araha irin ta da. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar ta sake rufuwa, aka kuma yanke wutar da Nijar ke samu daga can na tsawon watanni. Duk lokacin da aljihu ya matse irin haka, mai alkawarin sauƙi ba ya rasa masu saurarensa.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan aiki sana'a ce mai rajista. Ingila ta buɗe kasuwar wuta da gaz ga gidaje a ƙarshen shekarun 1990, Faransa kuma a 2007. Tun da kamfanoni da yawa ke sayar da abu guda, sai aka sami masu kwatanta farashi, su ɗauke magidanci daga kamfani mai tsada su kai shi mai araha, su karɓi kamasho. A Amurka akwai masu kiran kamfanin waya ko na intanet a madadin mutum, su yi ciniki, su ɗauki wani kaso na abin da aka rage. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne akwai wurin sauyawa.

A Nijar al'amarin ba haka yake ba. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi kaɗai ke raba wuta a garuruwa, kuma hukuma ce ke tsayar da farashi. Ruwan pampo na birane yana hannun kamfani ɗaya: SEEN daga 2001, sannan NDE daga farkon 2024. Saboda haka babu wani dillali, komai faɗin saninsa, da zai iya sa a sayar wa gidan wani kilowat ɗaya ƙasa da yadda doka ta yanka. Duk wanda ya yi alkawarin rage takardar wuta ko ta ruwa, ɗaya daga cikin abu uku yake sayarwa, kuma wajibi ne magidanci ya san wanne.

Na farko, sani da aiki. Wannan shi ne mai halal. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, in ya yi awa biyar kowane dare, yana shan kilowat 9 a wata. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da shi a kan kilowat ɗaya da ɗan kai. Gidan da ke da ƙwai goma ya ga bambancin da idonsa. Haka firiji da bakinsa ba ya rufuwa, da tsohuwar waya mai zubar da wuta, da bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin ƙasa. Farashin ruwa hawa-hawa ne: mita kubik goma na farko a wata su ne masu araha, abin da ya haura kuwa ana lissafa shi da tsada, don haka ɗigon da ba a gani ba na iya tura gida matakin sama. Gida mai haya da iyalai biyar ke amfani da kontar ɗaya yakan faɗa cikin wannan tarko ko da kowane iyali yana tattali. Wanda ya zo ya gano irin waɗannan, ko ya karanta kontar ya kwatanta da takarda ya ga kuskure ya bi sawu har aka gyara, ya yi aiki, kuma ya cancanci lada kamar magini ko makaniki.

Na biyu, sayar wa mutum abin da dama haƙƙinsa ne. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake jinkirin biyan asibitocin ya sha jawo ƙarancin magani. A lokacin rani gwamnati kan fitar da hatsi daga rumbunan OPVN a sayar a farashi mai rahusa, shekaru da dama a kan jika 13 buhu mai kilo 100. A 2024 an mayar da litar fetur sefa 499, an rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, an kuma sassauta farashin siminti, abin da ya shafi Malbaza kai tsaye tun da can masana'antar take. Wanda ya tsaya tsakanin talaka da irin wannan rangwame ya ce sai an ba shi goro kafin a sami suna a takarda, bai rage wa kowa komai ba. Ya ɗauki wani yanki na abin da dukiyar ƙasa ta riga ta biya ya zuba a aljihunsa. In kuma yana raba goron da wani na cikin ofis, to sunan abin cin hanci, kuma ma'aikatan da ke nan sun fi kowa sanin cewa ba ya yiwuwa sai da hannun na ciki.

Na uku, sata. Mai taɓa kontar don ta rage gudu, ko ya ja waya ta bayan gida, shi ne ya fi kowa saurin nuna sakamako. Amma ranar da masu bincike suka zo, sunan maigida ne a kan kontar. Shi zai biya tara da kuɗin baya, shi za a yanke wa wuta, shi zai sha kunya a unguwa, dillalin kuwa ya daɗe da cinye la'adarsa. Bugu da ƙari, irin wannan haɗi na ɓoye yana cikin abubuwan da ke haddasa gobara, kuma ɗan kasuwar da shagonsa ke jingine da na wani ya san wuta ba ta tambayar wa ya yi laifin.

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tsara irin wannan ciniki a babin da ake kira ji'ala, wanda ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ɗalibai ke karantawa a zaurukan wannan yanki. Sharuɗɗanta a bayyane suke: a san ladan tun farko, aikin ya zama halal, kuma ba a biya sai an kammala. Dillalan albasa na Galmi da na dabbobi a Badagishiri ma a kan wannan suke tafiya, domin la'ada ba ta fita sai ciniki ya faɗa. Babu dalilin da zai sa mai gyaran takardar wuta ya karɓi nasa tun kafin a ga komai. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai dai ganin sakamakon ma yana buƙatar lura. A ɗauka, a matsayin misali, an biya mutum jika 5. In takarda ta ragu da jika 2 kowane wata, kuɗin ya dawo kafin wata uku. In ta ragu da dala ɗari kawai, sai an yi wata goma. Sannan akwai wayon da ake yi da yanayi. Wanda ya zo a watan Oktoba ya yi ƴan dube-dube, zai dawo a Disamba ya nuna takarda ta faɗi ƙwarai, alhali sanyi ne ya kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Awon gaskiya shi ne a kwatanta Afrilun bana da Afrilun bara, kuma a dubi yawan kilowat ko mita kubik da aka sha, ba jimlar kuɗi kaɗai ba. Magidancin da ba ya ajiye tsofaffin takardunsa ya miƙa wuyansa ga duk mai daɗin baki.

Akwai kuma hanyar da ladan ba ya fita daga hannun masu biyansa, kuma Nijar ce ta koya wa duniya ita. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata na zuba kuɗi kowane mako, su ranta wa juna, abin da aka ɗora a kan rance kuma a raba shi tsakaninsu a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. A ƙarshen shekarun 1990 kuma, da taimakon hukumar FAO, aka fara jinginar da amfanin gona: manoma su tara hatsi a kaka cikin sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a wurin ƙungiya, ɗaya a wurin mai ba da lamuni, su karɓi rance su yi sana'ar rani, su fanshi hatsinsu lokacin da ya yi tsada. Ana biyan kuɗin ajiya da na lamuni, kuma a shekarar da farashi bai tashi ba ana iya yin asara. Amma kowa ya san abin da zai biya tun ranar da aka rufe sito. Manomin albasa da ke adana kayansa a rudu maimakon ya zubar da su a farashin kaka, wannan lissafin yake yi. Ma'aikata goma da suka haɗa kuɗi a ƙarshen wata suka sayi shinkafa da mai da sabulu a kan sari, suka ba ɗaya daga cikinsu ladan wahalarsa a gaban kowa, sun sami rangwamen da babu dillalin da zai samo musu.

Abin da ya rage nauyi ne a kan hukuma da shugabanni. Dillalin banza yana rayuwa ne a kan duhun kai, domin takardun wuta da na ruwa da Faransanci ake rubuta su, mafi yawan masu biya kuwa ba sa karanta shi. Ya dace a liƙa farashi da matakansa da Hausa a kowane wurin biya, a riƙa karanta su a gidajen rediyon gari, a kuma sanar da ranar sayar da hatsi mai rahusa da yawan buhunan kowace unguwa a fili. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago na iya ware mutum ɗaya mai ilimi da zai riƙa duba wa membobi takardunsu a kan lada sananne, a rubuce, wanda za a iya tuhumarsa in ya yi ha'inci.

Kafin magidanci ya zaro kuɗi ya miƙa, ya tambayi mai alkawarin ta wace hanya za a rage, ya nemi a faɗi ladan a gaban shaidu, ya kuma riƙe kuɗinsa har takarda ta gaba ta zo. Wanda aikinsa na gaskiya ne ba zai ƙi waɗannan sharuɗɗa ba.